Gefen Hagun Muhandis

Ni mutum ne da ba ya iya zama wuri ɗaya, kuma Allah da ikonsa sai ya ba ni sana'ar jira. Direba ne ni. A Jidda aka haife ni, a nan aka haifi mahaifina. Kakana ne ya taso daga ƙasar Hausa da ƙafa don aikin hajji, ya sauke farali ya yi zamansa. Gidanmu yana Madain Fahd, can kudu, aikina kuwa yana Abhur, can arewa a bakin teku, saboda haka kullum sai na ratsa garin nan tun daga gindi har kai kafin rana ta ɗaga. Tuƙin bai taɓa damuna ba. Abin da ke cin raina shi ne in ajiye mutum a ƙofar ofis a ce min in jira. Sai in goge motar da na riga na goge, in zagaya ta, in shiga, in fito, in sayi shayin da ba na marmari.

Ina cikin wannan hali kamfani ya haɗa ni da wani sabon injiniya, Bature, mutumin ƙasar Ayilan. Dogo ne, mai faɗin kafaɗa, kuma kwana biyu kacal ranar Jidda ta mai da shi ja wur. Muhandis nake ce masa, yadda muke ce wa kowane injiniya a nan. Ranar da na ɗauko shi daga filin jirgi akwatinsa ɗaya ne, amma yana rungume da wata doguwar jaka da ya hana ni taɓawa. Na miƙa hannu, ya janye. Na ce a raina, to, Allah ya sa ba wani abin da zai ja mana magana ya shigo da shi ba.

Sai da muka yi wata guda sannan ya buɗe ta a gabana. Sanduna ne guda uku na katako, kowace da faffaɗan kai kamar muciya da aka danne, da hular kwano mai waya a fuska, da ƙwallayen fata farare, ba su wuce girman lemon zaƙi ba, amma da tauri kamar dutse. Ya ce wasan ƙasarsu ne, sunansa hurling. Wani irin ƙwallon gora ne: ana ɗaga ƙwallon da sandar, a maka shi a sama, ya tafi da gudun da ido ba ya bi. Shi kuma aikinsa ya tsaya a bakin raga ya tare. Turancina na tuƙi ne, Larabcinsa na gaisuwa ne, amma cunkoson hanyar Abhur ya ba mu lokacin da za mu fahimci juna.

A cikin cunkoson nan na ji tarihinsa, guntu-guntu. Yana ɗan shekara tara aka tura shi raga, don ya fi kowa nauyin gudu. Ya tsare wa ƙauyensu har ya girma, sannan aka kira shi ƙungiyar yankinsu, wadda ita ce burin kowane yaro a can. Shekara shida yana zaune a benci a bayan wani dattijon gola da ya ƙi gajiya. Da rigar gola ta zo hannunsa, kakar wasa uku ya yi da ita. A ta ukun, a wani babban wasa, ƙwallo mai sauƙi ya wuce shi, aka fitar da su. Bayan nan ya ji rauni a gwiwa, aka yi masa aiki, kafin ya warke an ba wani yaro rigar.

Na tambaye shi, "To Muhandis, duk wannan wahalar, ai dai ana biyan ku da kyau?"

Ya yi dariya har yana dukan cinya. Ya ce ba a biyan kowa. Malamin makaranta ne da manomi da ma'aikacin banki, su tashi daga aiki su je su fasa wa juna yatsu, kuma mutum ba ya sauya ƙungiya, inda aka haife ka nan za ka buga har ka tsufa. Na dubi yatsunsa a kan cinyar. Babu guda biyu da suka miƙe hanya ɗaya. Wallahi a lokacin na ɗauka mutanen ƙasar nan ba su da cikakken hankali.

Ni ma na taɓa tsare raga a ƙwallon ƙafar unguwa ina saurayi, kuma bakina ne ya ja min, na faɗa masa. Ranar Juma'ar da ta biyo baya, bayan asuba, sai ga mu a wani fili da ba a gina ba, a bayan rukunin gidajen da yake zaune. Ya zana raga da fenti a jikin katanga. Ya sa hular kwanonsa, ya miƙo min sanda, ya ce in bugo. Na jefa ƙwallo sama na kai masa duka, na daki iska. Na sake, na daki iska. Na uku na same shi, ya tafi ya fasa fitilar motar kamfani. Muhandis ya zauna a ƙasa don dariya, ni kuwa raina ya ɓaci, don ba na son a yi min dariya ina riƙe da abu a hannu. Washegari ya sayo abin buga tanis, ya ce a ƙasarsu ma da shi ake horar da masu tsaron raga. Da wannan kam hannuna ya faɗa. Inda na duba, nan ƙwallon yake zuwa.

Na samu abin da zan yi da jikina. Sau uku a mako muke fita, Juma'a da safe da kuma yammaci biyu bayan la'asar, iskar teku tana manne mana riga a jiki. Kuma mutumin ya iya. Ƙwallon da na buga da dukan ƙarfina sai ya cafke shi da hannu tsirara kamar an miƙa masa dabino. Wanda ya zo ta sama ya kaɗe shi da sandar. Wanda ya zo kan ƙirjinsa ya tsaya masa ƙyam, ko ƙifta ido ba ya yi.

Amma tun makon farko na ga abu. Duk ƙwallon da ya tafi ƙasa ta hannunsa na hagu, sai ya ji ƙararsa a katanga. Gwiwar nan da aka yi wa aiki ba ta lanƙwasuwa da wuri. Zai yunƙura, kansa ya riga ya tafi, ƙafar ta tsaya tana shawara. Da ma na lura in zai shiga mota da hannu yake taimaka wa ƙafar. Ranar na buga can sau huɗu, huɗun duka suka shiga. Ya cire hula, fuskarsa ta canza, ya tattara kaya. Yinin ranar a mota ko rediyo bai bari na kunna ba. Na ji nauyinsa ƙwarai, na ji kamar na tube wa babban mutum riga a kasuwa.

A gidanmu ba a yin haka. Lokacin da idon mahaifina ya fara rauni, babu wanda ya taɓa ce masa ba ya gani. In an kawo shayi sai mu tura kofin a hankali har ya taɓa yatsunsa, shi kuma ya ɗauka kamar da ma ya gan shi. Haka muka yi har ya rasu, kuma da mutuncinsa ya tafi. Abin da na sani ke nan, shi na tashi a ciki: in ka ga inda babba ya gaza, ka rufa masa asiri. Balle baƙo, balle wanda kake aiki a ƙarƙashinsa. Don haka daga ranar na daina bugawa can. Ina bugawa sama, ina bugawa dama, ina bugawa kan ƙirji da ƙarfin da har kafaɗata take ciwo. In kuma na tura hagu don kada ya gane, sai in ɗaga shi daidai ƙugu, inda sandarsa za ta kai ba tare da ya durƙusa ba. Na ƙware a wannan fiye da yadda na ƙware a komai. Shekara ɗaya da rabi muna haka, kullum ya koma gida yana fito.

Wata Talata da yamma, muna tsaye a danja, wayarsa ta yi ƙara. Ya daɗe yana magana da sauri, da irin Turancin da ba na kama ko kalma ɗaya. Da ya ajiye sai ya kama kafaɗata ya girgiza, har na kusa sakin birki. Ya ce daga ƙauyensu ne. Golansu zai bar ƙasar, ba su da wani, sun tambaye shi ko zai dawo ya tsare musu raga. Sun tambaye shi gwiwar fa, ya ce musu ta warke sarai.

"Kai ne shaidata," in ji shi. "Yaushe rabon da ka ci ni ta hagu?"

Na ce, "An daɗe, Muhandis."

Ya ce ranar Lahadi zai miƙa takardar barin aiki. Shekararsa talatin da takwas, in bai koma yanzu ba, ba zai ƙara komawa ba. Aikin nan na Jidda shi ne mafi kyau da ya taɓa samu, kuma ya san in ya sake shi ba zai dawo ba, amma bai damu ba. Danja ta ba da hannu, na baya suna ta yi min oda, ni kuwa na manta yadda ake tashin mota.

Daga Talatar nan zuwa Juma'a ban san inda na sa kaina ba. Na wuce mahaɗar gidanmu sau biyu. Na zuba gishiri a shayi. In na zauna sai in miƙe, in na miƙe sai in rasa abin da na tashi yi. Mutumin nan zai ajiye aikinsa, ya tattara ya koma, ya tsaya a gaban mutanen ƙauyensu da suka san shi tun yana yaro, kuma ɗan wasan farko mai ido zai gano abin da na gano a mako guda. Su ba za su ɗaga masa ƙwallo daidai ƙugu ba. Wanda aka taɓa fitar da su saboda shi, a ce ya dawo da furfura a sake yi masa haka? Kuma ni ne na ce masa an daɗe.

Ranar Alhamis da na ajiye shi a ofis, na kasa jira, na ja mota har Bab Makka wurin yayana. Yana da shagon yadi a can, kuma shi ya yi min hanyar aikin nan. Na same shi yana auna wa wata mata atamfa. Na tsaya ina ta sauya ƙafa har ya sallame ta.

"Kai, zauna mana, kana sa min jiri," in ji shi. "Esh fi? Me ya faru?"

Na kwashe duka na faɗa masa. Ya saurara yana naɗe yadi, bai ko ɗago ba.

"To shi ne me? Ka kyauta. Ka rufa wa mutum asiri, Allah ya rufa naka. Halas, shi ke nan."

"Yaya, aikinsa fa zai bari."

"Aikinsa ne, ba naka ba. Kai direba ne, ya akhi, ba likitan ƙashi ba. Mutum da ƙafarsa, shi bai san ba ta lanƙwasuwa ba sai kai? Ya sani sarai. So yake ya tafi gida, ka bar shi ya tafi da farin cikinsa."

"In ya je aka kunyata shi fa?"

"A can ne, ba a gabanka ba. Amma in ka kunyata shi a nan, da hannunka, wannan kai ka yi. Yalla, koma bakin aikinka kafin ya fito ya tarar babu mota."

Na fito ina jin haushinsa, kuma abin da ya ƙara min haushin shi ne duk abin da ya faɗa na san shi, da shi aka rene mu a ɗaki ɗaya. A hanya na yi ta gwada maganar da baki. In ce, Muhandis, ƙafarka. In ce, Muhandis, akwai abin da ban faɗa maka ba. Da ya shigo mota yana ba ni labarin ruwan saman ƙasarsu da yadda ciyawar filinsu take ƙamshi in an yanke ta, sai bakin ya ƙi buɗuwa. Ban iya faɗa wa babba irin wannan a fuskarsa ba, har yau ban iya ba.

Juma'a da safe muka fita kamar kullum. Na tsaya a hanya na sayo ful da tamis, wato dafaffen wake da gurasa, abin da muke karyawa da shi in mun gama, na ajiye a kan mota. Ya sa hula, ya buga sandarsa a ƙasa sau biyu, ya ce, "Yalla." Ita ce kalmar Larabcin da ya fi iyawa.

Na buga na farko sama, ya kaɗe. Na biyu kan ƙirji, ya cafke ya jefo min yana dariya. Na riƙe na uku a hannu. Ban yanke wata shawara ba, in na ce na yanke na yi ƙarya. Na dai dubi kusurwar nan ta ƙasa da na yi shekara ɗaya da rabi ina kauce mata, fentin wurin ma ko gogewa bai yi ba, sai hannuna ya tafi. Ƙwallon ya daki katanga, tas.

Ya juya ya dube shi. Ya ce, "Mai kyau. Sake."

Na sake, can dai. Tas. Na sake. Ya yunƙura da dukan jikinsa, ƙafar ta riƙe shi, ya faɗi a kan hannu. Ya tashi ya kakkaɓe yashi, bai dube ni ba, ya ce in sake. Yanzu ya san inda zan buga, na san ya sani, har ya ɗan karkata can tun kafin in ɗaga hannu. Duk da haka ya wuce shi. Na buga har ƙwallayen da ke cikin bokiti suka ƙare, guda ɗaya tak ya taɓa da bakin sanda, shi ma ya shiga. Ina bugawa idona yana kawo ruwa, ina jin haushinsa, ina jin haushin kaina, ina jin haushin yayana da ke can yana barcinsa.

Ya cire hular ya zauna a gindin katanga, ya miƙe ƙafar. Ya daɗe yana kallon ta. Sannan ya ce, "Ba yau ka gano wannan ba."

Na ce, "A'a."

"Tun yaushe?"

"Tun makon farko."

Ya gyaɗa kai a hankali. Na matso na fara bayani, Turancin yana watsewa a bakina. Na ce ban so in ɓata masa rai ba ne. Na ce a wurinmu ba a nuna wa babba gazawarsa, girmamawa ce, ba raini ba. Ya bar ni har na gama.

"Na gane," in ji shi. "Amma ka san me ake yi wa gola a wurinmu in ana ƙaunarsa? Inda ba ya iyawa, nan ake buga masa. Kullum, har ya iya ko ya haƙura. Da ka ci gaba da buga min can tun makon farko, da na koma wurin likita, da na sauya tsayuwata, da na yi shekara ɗaya da rabi ina gyara. Wataƙila ta gyaru, wataƙila ba ta gyaru ba. Yanzu saura mako biyar su fara."

Ban taɓa kawo wannan a raina ba, ko sau ɗaya. Duk kwanakin nan ina ta auna kunyar da zai ji a nan da wadda zai ji a can, ban taɓa tunanin lokacinsa nake ci ba. Na tsaya riƙe da abin buga tanis kamar wanda aka kama da kayan mutane.

Ya miƙo hannu na ɗaga shi. Muka tsince ƙwallayen tare, shi ta dama ni ta hagu. Ful ɗin ya huce a kan mota, babu wanda ya taɓa shi.

Ranar Lahadi na kai shi ofis. Na ga farar ambulan a cikin jakarsa da zai fita. Yinin nan ban goge mota ba, ban sayi shayi ba, na zauna a kujerata ina kallon ƙofa har la'asar. Da ya fito ya shiga, ambulan tana nan inda take. Muna kan hanya ya kira ƙauyensu. Wannan karon a hankali ya yi magana, har na kama abin da ya ce. Ya ce musu su nemi wani, kuma su yafe masa, ya faɗa musu abin da ba haka ba ne game da gwiwarsa. Bai ambaci direba ba.

Ya ƙara shekara guda a Jidda, ni nake tuƙa shi. Bai taɓa ɗaga min murya ba, bai taɓa tayar da maganar ba, da azumi ma har gida ya zo ya sha ruwa da mu. Yayana ya ce ka gani, komai ya wuce lafiya. Amma Talatar da ta biyo bayan wayar nan, da la'asar ta yi, na tsayar da mota a bakin filin kamar yadda muka saba, na buɗe but na ɗauko bokitin ƙwallaye. Na ce masa ko don motsa jiki, kuma na yi alkawari duk inda ya ce nan zan buga.

Ya dubi katangar ta tagar mota, bai sauko ba.

"Na sani," in ji shi. "Amma yanzu duk wanda na tare, sai na tambayi kaina ko ni na tare ko kai ka ba ni. Mu je gida."

Na mai da bokitin cikin but, na rufe, na ja mota.